Bayan digirin MPH: inda ayyukan suke da yadda ake kai hannu gare su

Yawancin masu karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, wato MPH, ba sa fara tunanin aiki sai ranar da suka kare kundinsu a gaban malamai. Ranar ake buɗe kwamfuta a gyara CV, a shiga tura ta duk inda aka ga talla. Wata shida ba kira ko ɗaya, sai a ce ai wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba ya samu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ita ce duka ba. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni ba takardar suke saya ba, domin kusan duk wanda ya nemi gurbin yana da irinta. Abin da suke so shi ne mutumin da za a miƙa wa rajistar asibiti ko fayil ɗin Excel mai layi dubu biyar ranar Litinin, ya dawo da rahoto mai ma'ana ranar Laraba. Wannan kuwa tun ana karatu ake koyon sa, ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara sanin kasuwar da za a shiga. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, aka umarci ayyukan da ke cin kuɗinta su tsaya cak, kuma zuwa 1 ga Yulin shekarar aka rufe hukumar USAID. A Janairun nan ne kuma Amurka ta sanar da ficewarta daga Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO. A Najeriya a lokacin, kuɗin tallafin Amurka su ne ke riƙe da babban kaso na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro da tamowa, don haka ma'aikata masu shekaru da yawa a fagen suka wayi gari ba aiki, suka dawo layi ɗaya da sabon ɗalibi. Sauran masu ba da tallafi irin Global Fund da Gavi da Gidauniyar Gates da Bankin Duniya suna nan, sai dai guraben sun ragu, masu nema sun ƙaru. Lissafin nan na "in gama in shiga ƙungiya in riƙa kwasar albashi mai tsoka" ba abin jingina ba ne yanzu.

Aikin gwamnati, da abin da MPH ba ta yi maka

Gwamnati ita ce ba ta tashi idan mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa. A tarayya akwai Ma'aikatar Lafiya, da NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, wadda aka kafa a 2011 aka sa hannu a dokarta a 2018, da NPHCDA mai kula da rigakafi da lafiya a matakin farko, da NHIA ta inshorar lafiya wadda dokar 2022 ta kawo a madadin NHIS. A jihohi akwai ma'aikatar lafiya da sashenta na annoba, da hukumar lafiya matakin farko, da hukumomin taimakekeniyar lafiya irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Waɗannan na ƙarshe ɗalibai kan manta da su, alhali ta hannunsu wani ɓangare na kuɗin BHCPF ke bi, asusun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Suna buƙatar wanda ya iya riƙe rajistar masu cin gajiya, lissafin biyan asibitoci da duba ingancin aikinsu. A ƙananan hukumomi 774 kuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka da ake kira DSNO, da jami'in rigakafi, da mai kula da alƙaluma.

Ga abin da ke ba mutane mamaki bayan sun gama: a gwamnati digirinka na farko da lasisinka su ne ke yanke layin aikin da za a sa ka. Ma'aikaciyar jinya mai MPH tana nan a layin jinya, wanda ya karanta ilimin ƙananan halittu jami'in kimiyya za a ɗauke shi. MPH ba lasisin duba marasa lafiya ba ce, kuma ba ta maye gurbin rajista da hukumar sana'arka, ko ta likitoci ce, ko ta jinya, ko ta masu gwaje-gwaje, ko ta jami'an lafiyar al'umma, ko ta duba-gari. A tsarin albashi na gama-gari mai digiri na farko kan shiga a mataki na 08, mai na biyu a 09, mai na uku a 10. Likita kuma MPH ba ta mayar da shi ƙwararre mai matsayin kwansolta. Wannan sai ya yi horon ƙwarewa ya ci jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wanda yake cikin aiki ya tabbata ya sami amincewar ƙaro karatu a rubuce kafin ya fara, domin takardar da aka yi ba da izini ba kan sha wuya kafin a shigar da ita fayil. Kuma ba inda za a ɗauke ka ba tare da shaidar bautar ƙasa ko takardar yafe ta ba.

Ga ma'aikacin gwamnati mai son aikin annoba, babu hanyar da ta kai NFELTP. Shiri ne na shekara biyu na horar da masana annoba a fili da aka fara a 2008 da tallafin CDC ta Amurka da ƙungiyar AFENET, jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya da ta Ibadan ke ba da digirinsa. Kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin a fili ake yin sa: binciken ɓarkewar cuta, nazarin alƙaluman sa ido, auna ingancin tsarin kai rahoto. Akwai kuma gajeren matakinsa na wata uku ga jami'an ƙananan hukumomi. Abin lura ga mai MPH ta aji shi ne, waɗanda suka fito daga wannan shiri su ne abokan takararsa a duk gurbin annoba, kuma sun zo da rahoton fili a hannu. Don haka dole shi ma ya samo nasa.

Jami'a da kwalejojin lafiya hanya ce ta uku, bayan ƙungiyoyi da gwamnati. Mai digiri na biyu kan shiga jami'a a matsayin mataimakin lakcara, kuma ba zai yi nisa ba sai da digiri na uku. Amfanin shiga shi ne asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantun gwamnati. Cibiyoyin bincike irin ACEPHAP da ke Jami'ar Bayero a Kano kan nemi mataimakan bincike idan sun sami aiki.

Zaɓi layi ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce ya iya komai. MPH kan ɗanɗana maka ilimin annoba, lissafi, tsarin lafiya, wayar da kai da lafiyar muhalli, kowanne cokali ɗaya. Tallar aiki kuwa abu ɗaya take nema: mai sa ido kan cututtuka, ko mai bibiyar ayyuka da auna sakamako wanda kowa ke kira M&E, ko jami'in rigakafi, ko na abinci mai gina jiki, ko mai wayar da kan jama'a, ko mai kula da magunguna da kayan aiki, ko mai lissafin kuɗin lafiya. Kafin zangon karatu na farko ya ƙare ka tara tallace-tallace goma na irin aikin da kake so, ka rubuta abin da aka maimaita a cikinsu. Abin da ya fito sau shida ko bakwai shi ne manhajarka ta gaskiya, ko malami ya koyar ko bai koyar ba.

Idan ka yi haka za ka ga kayan aikin ba su da yawa. Na farko Excel, ba rubuta sunaye a jere ba: tace bayanai, cire maimaici, haɗa fayil biyu ta lambar asibiti, taƙaita alƙaluma da teburin pivot, zana jadawali. Na biyu DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, wadda a kanta rahoton wata-wata na asibitocin Najeriya ke hawa. Darasinta na farko kyauta ne a intanet, da takardar shaida. Na uku KoboToolbox ko ODK, ka iya gina fom na tambayoyi a waya, da sharaɗin tsallake tambaya, da iyakar da za ta hana a rubuta shekarun yaro 250. Na huɗu manhajar lissafi guda ɗaya da ka iya sosai. SPSS ita aka fi koyarwa a makarantu, amma R kyauta ce, Stata kuma ta yi ƙarfi a cibiyoyin bincike. Ɗaya da aka ƙware a kai ta fi uku da aka leƙa. Sai QGIS don zana taswirar gunduma ko ƙaramar hukuma. Mai son aikin annoba ya ƙara da sanin SORMAS, manhajar sa ido kan cututtuka wadda aka gina bayan Ebolar 2014 tsakanin Najeriya da wata cibiyar bincike ta Jamus, da kuma fom-fom ɗin tsarin kai rahoton cututtuka da ake kira IDSR.

Tara takardun kwasa-kwasan intanet guda talatin ba ya burge kowa. Uku da suka dace da layinka, tare da aiki ɗaya da ka yi da su wanda za a iya buɗewa a gani, sun wadatar.

Kundin bincike shi ne jarinka mafi girma

Nan ne aka fi yin asara. Ɗalibi zai kwashe wata tara yana auna "sani da ɗabi'a da aiki" na ɗalibai 'yan uwansa game da wata cuta, ya raba takardun tambaya ɗari huɗu a harabar makaranta, ya sami makinsa, kundin ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Ba laifi ba ne, amma ba mai ɗaukar aikin da zai tambaye ka a kansa. Da wannan wata taran za ka iya amsa tambayar da ke hana wata hukuma barci. Me ya sa yara ke karɓar allurar Penta ta farko, rigakafin cututtuka biyar na jarirai, ba sa dawowa ta uku a wata ƙaramar hukuma? Kwana nawa ake ɗauka daga ranar da aka ga mai mashaƙo zuwa ranar da rahoto ya isa jiha? Shin abin da ke rajistar asibiti ya yi daidai da abin da aka hau a DHIS2? Arewa cike take da irin waɗannan: mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022 wanda Kano ta fi jin jiki, sanƙarau irin na 2017 a Zamfara da Sakkwato, nau'in shan innan da ke ci gaba da yawo duk da an ayyana Afirka ta rabu da na daji a Agustan 2020, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Yadda ake yi: ka je wurin jami'in annoba na jiha ko mai kula da alƙaluma a hukumar lafiya matakin farko da takardar gabatarwa daga sashenku, ka tambaye shi wane bayani ne suke da shi da ba su sami lokacin nazari ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ka kai wa malaminka batutuwa biyu ko uku daga can. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, domin yakan ɗauki makonni, kuma mujallar kirki ba ta karɓar aikin da ba shi da lambar izini. Horon ɗa'a na TRREE kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin fita fili ya nemi bayanan binciken gida-gida kan yara da mata, wato MICS, na 2021 daga shafin UNICEF, ana bayarwa kyauta idan ka yi rajista ka faɗi abin da za ka yi da su. Sai dai a kula, irin wannan bincike rukuni-rukuni aka ɗebi gidajensa, kuma kowane gida da nauyinsa a lissafi. Wanda ya manta da wannan, alƙalumansa za su saɓa da rahoton hukuma, kuma mai duba aikin zai gane tun daga teburi na farko.

Idan ka gama, kundin ya haifi abu uku. Taƙaitaccen bayani mai shafi biyu ga hukumar da ta ba ka bayanai, da abin da aka gano da abin da ya kamata a yi, ka kai da hannunka. Taƙaitawa ta kalma 250 zuwa 300 ga taron ƙwararru, irin na ƙungiyar likitocin lafiyar al'umma APHPN ko na masana annoba. Sai maƙala ga mujalla. A nan a yi hattara da mujallun cin kuɗi, masu turo imel suna yabon ka su yi alƙawarin bugawa cikin mako guda. Ka duba ko sunan mujallar na cikin rumbunan mujallun da aka tantance irin DOAJ ko PubMed kafin ka biya ko sisi. Ku kuma daidaita jerin sunayen marubuta da malaminka tun kafin a fara rubutu, don rigimar da kan biyo baya ta fi rubutun wahala.

Matsalar "sai mai gogewar shekara biyu" kuwa ana warware ta da ƙananan ayyuka na wucin gadi. Duk damina ana rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin Arewa, zagaye-zagaye wata-wata, kuma ana buƙatar masu duba aiki da masu shigar da bayanai. Duk zagayen rigakafin shan inna ana ɗaukar masu sa ido masu zaman kansu da masu binciken LQAS, inda ake duba yara 60 a ƙaramar hukuma don a yanke ko aikin ya karɓu. Akwai binciken tamowa, rabon gidan sauro, da ƙidayar asibitoci. Kuɗin ba yawa, rana kuma ba sauƙi, amma a nan ake ganin mai aiki, kuma a nan manyan ke riƙe sunan mutum. Mata suna da fifiko na gaske a wannan fage, domin su ke shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga". Kowane aiki ka yi, ka nemi takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu kafin ka bar wurin. Bayan shekara biyu jami'in ya canza wurin aiki, ba mai tuna ka.

CV da wasiƙa

Shafi biyu. A cire ranar haihuwa, addini, matsayin aure, makarantar firamare da hoto, sai in an nema. Aikin gwamnati shi ke buƙatar jiha da ƙaramar hukuma saboda rabon gurabe. Ƙungiyoyi ba ruwansu, sai idan gurbin na 'yan yankin ne. A sama a sa layi uku da ke faɗin layinka da kayan aikin da ka iya. Kowane aiki a rubuta watan farawa da na gamawa, domin mai tantancewa ƙirga watanni yake yi, kuma idan ya ga shekara kawai sai ya ɗauki mafi ƙaranci. A ƙarƙashinsa kar a kwafo jerin nauyin da aka ɗora maka, a faɗi abin da ka yi da adadinsa. "Na taimaka wajen tattara bayanai" ba ta cewa komai. A misali, "na horar da masu tattara bayanai 12, na duba fom 900 a Kobo cikin kwana takwas, na gano asibitoci huɗu masu maimaita rajista" ita ke sa a ɗaga waya. Adadin ya zama gaskiya, don a kansa za a yi maka tambaya.

Kalmomin tallar su fito a CV ɗinka yadda aka rubuta su, domin sau da yawa manhaja ko ma'aikacin da ba na lafiya ba ne ke tacewar farko, yana riƙe da jerin sharuɗɗa yana sa alama. Wannan na nufin kowace nema da gyaranta. Wasiƙa shafi ɗaya: gurbin da kake nema da lambarsa, sharuɗɗa uku mafi nauyi a tallar da shaidar cika kowanne, sai rufewa. Harsuna a rubuta su fili. Hausa, Fulatanci ko Kanuri ƙwarewa ce da ake biya, Faransanci kuma shi ke buɗe ayyukan Nijar, Chadi, Kamaru da hukumar lafiya ta ECOWAS. Masu ba da shaida a kanka mutum uku, aƙalla ɗaya wanda ya ga aikinka a fili, kuma ka nemi yardarsu tukuna ka tura musu tallar. A ajiye fayil ɗin a PDF da sunanka a kai, a rubuta kan imel daidai yadda aka umarta. Rashin wannan kaɗai kan jefar da takardar mutum ba a buɗe ba.

Tallace-tallacen suna ReliefWeb, Devex, LinkedIn, MyJobMag da Jobberman, amma a ko da yaushe ka koma shafin ƙungiyar ka tabbatar. Sunayen da ya kamata mai neman aiki a Arewa ya riƙa leƙawa sun haɗa da eHealth Africa mai babban ofis a Kano, Malaria Consortium, Society for Family Health, CHAI, Solina, New Incentives, Sightsavers, MSF, ALIMA da Save the Children. A hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya a kula da mataki: NO-A da NO-B su ne na masu gogewar shekara ɗaya zuwa biyu ko uku, NO-C na neman biyar. Neman NO-C da shekara ɗaya ɓata dare ne. Ba wata hukumar kirki da ke karɓar kuɗin fom, na horo ko na gwajin lafiya kafin ta ba ka aiki. Duk wanda ya turo takardar kama aiki daga adireshin Gmail ya ce a tura kuɗi, ɗan damfara ne, haka ma mai sayar da gurbin gwamnati.

Ka buɗe teburi ka riƙa rubuta kowace nema: wuri, gurbi, ranar rufewa, CV ɗin da ka tura, da inda aka tsaya. Bayan ashirin zai nuna maka ciwon. Ba kira sam, matsalar CV ce ko kana nema sama da matakinka. Ana kiran ka jarrabawa ba ka wucewa, hannu ne bai faɗa ba. Kana kai wa intabiyu ana barin ka, yadda kake amsa ne. Game da neman manya kuma, kar ka tura "Salam" ka yi shiru kana jiran amsa. Ka gaisa da girmamawa, Dakta ko Hajiya ko Ranka ya daɗe, ka faɗi ko kai wane ne da wanda ya haɗa ku, ka nemi abu ɗaya ƙarami da za a iya yi cikin minti goma, kamar duba taƙaitawar bincikenka. "A taimaka min da aiki" nauyi ce da ba kowa ke iya ɗauka ba, shi ya sa ba a amsa ta.

Jarrabawa da intabiyu

Yawancin guraben fasaha suna farawa da jarrabawar awa ɗaya ko biyu a kwamfuta, kuma tambayoyin ba sa nisa da juna. Za a ba ka yawan jama'ar ƙaramar hukuma, a ce 250,000, a ce ka fitar da yaran da ba su kai shekara ba: kashi 4 cikin 100 ake ɗauka, wato 10,000 a shekara, masu juna biyu kashi 5, 'yan ƙasa da biyar kashi 20. Za a ba ka Penta ta farko 1,200 da ta uku 960, a ce nawa suka zube: ka cire, ka raba da ta farko, kashi 20, kuma duk abin da ya haura 10 matsala ce. Sai tarkon da ke kama mutane, asibitin da ya nuna kashi 130 na yaran da aka yi niyya. Ba yabo ake so ka yi ba. Ana so ka ce ko dai ƙiyasin jama'ar ne ya yi ƙasa, tunda daga ƙidayar 2006 ake hasashe, ko yara na zuwa daga maƙwabta, ko an maimaita ƙirga, sannan ka faɗi yadda za ka je ka duba rajista.

Mai neman aikin annoba ya riƙe matakan bincike a ka: tabbatar da cutar da ɓarkewar, rubuta ma'anar wanda za a ƙirga, jera marasa lafiya layi-layi, bayyana su ta lokaci da wuri da irin mutanen, da fara ɗaukar mataki ba tare da jiran sakamakon ƙarshe ba. Ya san cewa a kwalara ana so mace-mace su gaza kashi 1 cikin 100 na waɗanda suka kamu. A sanƙarau mutum 3 cikin 100,000 a mako gargaɗi ne, 10 annoba ce. A shanyewar gaɓa ta farat ɗaya, wadda ake zargin shan inna ce, ana ɗaukar bayan gida sau biyu, aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da fara shanyewar. Da ma'aunin 7-1-7, gano cuta cikin kwana bakwai, kai rahoto cikin ɗaya, fara martani cikin bakwai. Mai layin abinci ya san kaurin damtsen yaro ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

A intabiyu za a ce ka ba da misalin lokacin da ka warware saɓani ko ka gama aiki cikin ƙurarren lokaci. Ka shirya misalai shida tun a gida, kowanne minti biyu: halin da ake ciki, abin da aka ɗora maka, abin da ka yi, abin da ya fito. Tarbiyyarmu kan sa mutum ya ce "mun yi" don kar a ce yana yabon kansa, masu tambaya kuwa maki suke bayarwa a kan "na yi". Kunya a nan asara ce. Ƙungiyoyin agaji kusan duka za su tambaye ka me za ka yi idan ka ji wani ma'aikaci na cin zarafin masu karɓar tallafi. Amsar ita ce kai rahoto ta hanyar da aka tanada nan take da rufa asirin wadda abin ya shafa, ba ka shiga bincike da kanka ko ka yi sulhu ba. Idan ta intanet ne, a gwada layi biyu na kamfanoni daban, a cika caji, a shiga minti goma kafin lokaci.

Mai tunanin ƙaro karatu a waje ya lura cewa manyan tallafin karatun ma gogewa suke nema. Chevening na Birtaniya na buƙatar aikin shekara biyu, awa 2,800, da alƙawarin komawa gida na shekara biyu; na DAAD ta Jamus ga ƙasashe masu tasowa shi ma shekara biyu. Ga wanda ya riga ya yi MPH, wani digiri na biyun ba ya ƙara masa abin da shekara ɗaya ta aikin fili za ta ƙara, sai idan a wani fanni ne takamaimai kamar lissafin lafiya ko tattalin arzikinta.

Ranar da takardar kama aiki ta zo, a karanta ta kafin a yi murna a WhatsApp. Ma'aikaci ne kai ko ɗan kwantiragin ƙwararru? Na biyun ba shi da fansho, sau da yawa ba inshorar lafiya ba hutu, kuma ana cire masa haraji daga tushe, don haka adadin da ya fi girma a takarda kan iya zama ƙarami a aljihu. Albashin da aka rubuta kafin cire-cire ne ko bayansa? Dokar fansho ta 2014 ta sa a cire kashi 8 daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara 10; bayan wata uku ka duba asusunka ka ga ko suna shiga. Ka tambayi ranar da kuɗin aikin gaba ɗaya za su ƙare, ba ta kwantiraginka kaɗai ba, da tsawon sanarwar sallama, da hutun haihuwa, da wanda ke biyan kuɗin tafiya da kwana. Idan wurin aikin na yankin da tsaro ya taɓarɓare ne, ka nemi a nuna maka a rubuce wa ke ba da izinin fita fili, da wace mota, da inshorar da ke kanka idan wani abu ya faru. Ma'aikacin gwamnati da ya sami gurbi a ƙungiya kuma ya nemi hutu ba albashi ko aron ma'aikaci a hukumance, ya karɓi amincewar a takarda kafin ya sa hannu a ɗaya ɓangaren.